Ba "p" da "f" ne matsalarmu ba

'Yan uwana ɗaliban Arewa na FUT Minna, daga Bosso har Gidan Kwano, ku ba ni aron minti biyu.

Na gaji da ganin hazikanmu sun yi gum a aji don tsoron kar a yi musu dariya in sun ce "feoful". Wallahi wannan ba abin kunya ba ne. Hausa ba ta raba "p" da "f", kuma kowace ƙabila da inda harshenta ke karkacewa. Lafazi ba ya kayar da mutum jarrabawa. Abin da ke cin mu yana kan takarda.

Wasu kurakuran daga gida muka taho da su. Bahaushe da "aro" ɗaya yake bayarwa yake karɓa, shi ya sa muke cewa "borrow me your pen". Bature kuwa ya raba: mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". Haka "ji": muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, sai ka ji an ce "I am hearing smell". Shi ma magani, mu sha muke yi, su "take" suke cewa.

Amma waɗanda suka fi ƙona min rai na rubutu ne. "Am fine" babu "I", kamar keke babu sarƙa. "Loose" sako-sako ne, rasa abu "lose" ne. "Advice" shawarar kanta, "advise" bayar da ita. "Course" kwas ɗinka, "cause" dalili, "curse" la'ana. Ka taɓa ganin wanda ya rubuta "curse registration"? Ni na gani, a guruf ɗin WhatsApp.

Dariya ce a guruf, amma ranar da za ka rubuta takardar neman gurbin SIWES ko babin farko na furojet, mai karantawa bai san kai ne gwanin lissafin ajinku ba. Layin farko zai gani ya yanke hukunci.

Don haka ɗan uwa, ka buɗe baki a aji da lafazinka na gado. Rubutu kuwa ka ba aboki ya duba kafin ka miƙa. Kai kuma da ka iya, ka gyara wa mutum a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Wanne ne ya fi ba ku haushi? Ku ajiye shi a ƙasa mu ƙaru da juna.