Miyar da Babu Albasa

Abu na farko da ake raba mai lalurar hanjin nan ta IBS da shi shi ne albasa da tafarnuwa, wato ƙashin bayan kowace miya. Ciwo ne mai ban haushi: ciki ya kumbura, ya murɗa, yau gudawa, jibi bayan gida ya ƙi fita, a je asibiti a yi gwaji a ce ba a ga komai ba. A wajenmu wasu sukan daɗe suna shan maganin olsa ko na basir a kansa.

Tsarin abincin da aka fi bi, mai suna FODMAP, daga Jami'ar Monash ta birnin Melbourne a Ostireliya ya fito, inda Peter Gibson da Sue Shepherd suka gabatar da shi a 2005. Albasa na ɗauke da furuktan, wani nau'in sukari da ƙaramin hanji ba ya narkarwa. Sai ya gangara babban hanji, bakteriya su far masa, iska ta taru. Kowa hakan na faruwa a cikinsa, mai IBS ne dai hanjinsa ba ya jurewa. Alkama, wake, mangwaro, kankana da zuma duk suna cikin waɗanda ake jinginewa na mako 2 zuwa 6, kafin a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya a gane mai laifin.

A wannan tsakanin ne ganyen kusbara, wanda wasu ke kira koriyanda, ke yin rana. Ba ya tayar da hanji, ga ƙamshi mai ƙarfin da ke hana abinci zama lami. Sai an sauke tukunya ake yayyanka shi a watsa, don wuta na kashe ƙamshin. Ni dai ban yarda da masu tallarsa a matsayin magani ba. Aikinsa bai wuce ya sa mutum ya iya cin shinkafarsa da marmari ba, kuma ga wanda ya yi wata guda yana tura loma da ƙyar, hakan ma ba kaɗan ba ne. Wasu kuwa ko kusa ba sa iya cinsa, wai sabulu suke ji a baki. Ba iyayi ba ne, halitta ce da ake gada a hanci.

Irin waɗannan ba sai sun tilasta wa kansu ba, tunda ga lawashi a kasuwa, arha kamar banza. Furuktan a kan albasa yake taruwa, koren ganyen bai cika ɗauke da shi ba. Tafarnuwa ma akwai dabara: furuktan a ruwa yake narkewa, ba a mai ba, don haka a soya ta cikin man gyaɗa a tsame kafin a zuba tumatir. Inda ake yawan faɗawa tarko shi ne dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire, waɗanda da dama cikinsu akwai garin albasa ko na tafarnuwa, kuma mai tukuba ba zai ce maka komai ba sai ka tambaya.