Ta'aziyya a Babban Masallacin Kano

Wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata, ya wuce marina da Asibitin Murtala, ba zai daɗe ba sai ya hangi koriyar ƙubba da hasumiya biyu. Masallacin Juma'a ke nan, daura da Gidan Rumfa, wanda aka yi gininsa na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

A nan ne, ran Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, jama'a sun taru salla, bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga suka buɗe wuta. Fiye da mutum 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Mun bi hanyar nan da ƙafa, muka ga tsakanin masallaci da asibiti ba nisa. Ta nan aka yi ta kwasar masu rauni, ta nan kuma Kanawa suka yi ta zuwa ba da jini. Kashegari Sarki Muhammadu Sanusi II ya ziyarci masallacin, jama'a ba su ƙaurace masa ba.

Masu zuwa sari Kantin Kwari ko Kurmi, da ma'aikatan da aiki kan kai Kano, muna roƙonku ku ratsa ku yi ko da La'asar a can, ku yi wa mamatan addu'a.