Saura guntu ɗaya

A wajen 'yan gwanjo na tsince shi, cikin kasuwar Sabon Gari a Kano, an jibge shi tare da 'yan tsana da motocin roba. Kwali ne mai hoton bakin teku: ƙananan jiragen ruwa, gidaje masu jan rufi, sai sararin samaniya da ya cinye kusan rabin hoton. Mai kayan ya ce shi ma bai san amfanin sa ba, in ba da abin da ya sauwaƙa. Na saya wa ɗan yaya ta, yaron ya zazzage shi, ya ga ba ya ƙara ba ya gudu, ya yi gaba abin sa.

Wasan harhaɗa hoto ne, wanda Turawa ke kira jigso. Hoto guda ake liƙawa a kan kwali, a yayyanka shi guntu-guntu, kowane da kunnuwan sa da ramukan sa, a cakuɗa, a ce ka maido shi yadda ya ke. Nawa dai guntu 500 aka rubuta a jikin sa. Wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, shi ake jingina wa fara sayar da irin sa, wajajen 1766. Ya kan liƙa taswirar Turai a kan katako, ya bi iyakokin ƙasashe da zarto, don yara su koyi inda kowace ƙasa ta ke. Ka ga ke nan tun asali kayan makaranta ne.

A lokacin mahaifi na ya na zaune a gida, hawan jini ya raba shi da keken ɗinkin da ya shekara kusan 40 ya na takawa. Ni kuma ina cikin wata kunya. Na rubuta sharhi mai zafi a kan wani shiri mai dogon zango bayan na kalli kashi biyu kacal, na ce labarin ba shi da kai ba shi da gindi. Daraktan ya kira ni, bai yi faɗa ba, sai cewa ya yi, "Malam, don Allah in ka kai kashi na tara ka neme ni." Da na kai, wallahi duk abin da na kira shirme ashe shuka ce aka yi. Ban neme shi ba. Kunya ta hana.

Wani dare da aka ɗauke wuta na baje guntayen a kan faifan tire, na kunna fitilar waya. Na yi ta cusa wannan a cikin wancan da ƙarfin tsiya. Baba ya daɗe ya na kallo na daga kan tabarma, sannan ya ce, "Auta, wa ya taɓa fara riga daga aljihu? Miƙo min nan."

Da hannun sa mai rawa ya tsince duk guntayen da ke da gefe ɗaya miƙaƙƙe, ya ce waɗannan su ne kalmasa. Muka haɗa kewayen, sai ga fili ya fito, mun san iyakar aikin mu. Daga nan ya sa na kawo murafan kwano, ja a nan, kore a can. Da mu ka zo kan sama, ni shuɗi ɗaya na ke gani, shi kuwa ya raba shi gida biyar. Ya ce duk telan da bai iya bambance wannan ba, wata rana zai sa wa babbar riga aljihun wata shaddar.

Ana yawan cewa wasan nan motsa ƙwaƙwalwa ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Ido na auna siffa, zuciya na riƙe da ramin da ka gani ɗazu, kana juya guntu a cikin ka tun kafin hannu ya taɓa shi. A 2018 wasu masu bincike a Jami'ar Ulm ta Jamus sun wallafa gwajin da su ka yi da mutane 'yan shekara 50 zuwa sama. Sun ga wasan ya na sa sassan tunani da dama aiki a lokaci guda, sai dai yin sa na kwana 30 bai kawo wani babban canji ba. Saboda haka kada wani ya ɗauke shi magani. Abin da na gani da ido na shi ne, mutumin da ke wuni bai ce uffan ba ya koma ya na tambaya, "Auta, yau ba za mu yi ɗinkin namu ba ne?"

Ba mu gama ba. Saura ɗan abin da ba a rasa ba a cikin sama Allah ya yi masa rasuwa.

A zaman makoki ne na fahimci abin da na daɗe ina kallo a fim ban gane ba. Duk mai nazarin finafinai ya san Citizen Kane, wanda Orson Welles ya yi a Amurka, ya fito a 1941. Wani attajiri mai gidajen jarida ya mutu da kalma ɗaya a bakin sa, Rosebud. Aka tura ɗan jarida ya gano ma'anar ta. Ya karanta rubutun da mariƙin mamacin ya bari, ya gana da manajan sa, da tsohon aminin sa, da matar sa ta biyu, da mai kula da gidan sa. Kowa da irin Kane ɗin da ya sani. A cikin fim ɗin ma an nuna matar zaune a ƙaton gidan nan ta na harhaɗa irin wannan hoton don kashe kaɗaici. Har aka tashi ɗan jaridar bai samu amsa ba. Mu 'yan kallo kaɗai aka nuna wa sunan a jikin katakon zamiyar ƙanƙara na yarintar sa, ana jefa shi a wuta cikin tarkace.

To haka na zauna kwana uku ana miƙo min Baba guntu-guntu. Wata tsohuwa ta ce shekara bakwai ya na ɗinka wa marayun ta kayan Sallah bai karɓi ko kwabo ba, mu a gida ba mu taɓa ji ba. Wani tsohon yaron shagon sa ya ce bai taɓa ganin mutum mai zafin rai irin sa ba, amma ya yafe. Wani dattijo ya ce tare su ke tsallake katanga su tafi silima kallon Indiya. Baba, da ya yi ta yi min faɗa a kan fim! Na so in watsar da guntun nan na zafin rai, don bai yi min daɗi ba, amma na san ya na da gurbin sa.

Bayan sadakar arba'in na koma kan tiren. Na bi murafan nan biyar yadda ya jera su, a dare biyu na rufe sama. Sai ga rami ɗaya a saman wani jirgi. Na ɗaga tabarma, na leƙa ƙarƙashin gado, na zazzage kwalin, na ƙirga: 499. Kayan gwanjo ne, ƙila tun a can gidan da ya fito guntun ya ɓace. Masu karatun littattafai sun san wannan takaicin, ka gama na ɗaya da na biyu, ka je shagon haya a ce wani ya tafi da na uku bai dawo ba.

Umma ta ce in yanko kwali in shafa masa bula in toshe. Na gwada, abin ya fi ramin muni, na cire. Haka mu ke yi wa mutane in ba mu san wani abu game da su ba, mu yanko zato mu cusa. Haka na yi wa fim ɗin bawan Allah nan.

Washegari na kira daraktan na ba shi haƙuri, na kuma gyara maganar a rubuce inda na ɓata ta. Tun daga nan ba na taɓa alƙalami sai na ga ƙarshen fim, ko da kuwa edita zai yi ta kira. In dole ce ta sa, na kan faɗa wa mai karatu iya inda na kalla.

Hoton ya na nan a ɗaki na, na sa an yi masa gilashi da ramin sa. Baƙi kan tambaya ko ban lura ba ne. Na kan ce na lura. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan naku iyayen da su ka riga mu gidan gaskiya, amin.