Labarin da Bai Kai Ƙurunƙus Ba

Bahaushe ba ya son a bar masa labari a rataye. Tun muna yara, in kaka ta ɗauko tatsuniya, ba mai tashi sai ta kai ƙurunƙus, ko da kuwa gyangyaɗi ya fara fizgar mutum. Haka ma masu karanta littattafan zamani sun san irin takaicin da ake ji in an kai shafin ƙarshe na littafi na ɗaya, marubuci ya ce a tara a na biyu, a yi ta sintiri wajen mai sayarwa, na biyun bai fito ba. To, akwai kuma labaran da masu tsara su ba su gaji ba, sai dai waɗanda ke ɗaukar nauyinsu suka janye hannu. Irin wannan labari yakan mutu murus, sai fa in ya yi sa'ar samun masoyan da za su riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Na taɓa zama ɗaya daga cikin irin waɗannan masoya, kuma abin da na koya a lokacin ya yi mini amfani ƙwarai a aikin koyarwa.

Mafarin al'amarin shi ne Kasuwar Sabon Gari da ke Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Galibin mutane atamfa da kayan miya da kayan lantarki ke kai su can, amma wanda ya san lungunanta ya san kasuwar labarai ce. A kewayenta, musamman wajen Bata, aka yi ta hada-hadar littattafan nan da manazarta suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, da kaset-kaset na finafinan Hausa da suka bunƙasa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Da faifan DVD ya shigo kuwa, sai tebura suka cika maƙil da finafinan Indiya da na Sin da na Amurka. A 2006, wani mai sayar da faifai da nake ciniki da shi ya zaro wani kwali da ya yi ƙura, ya ce, "Malam, ga wani tsohon shirin 'yan sama jannati, ya daɗe ko tayawa ba a yi ba. Ba da abin da ya sauwaƙa." Sunan shirin Star Trek.

Ƙagaggen labarin kimiyya ne, wato labarin da ake ginawa a kan abin da ilimin kimiyya zai iya haifarwa nan gaba. Wani Ba'amurke mai suna Gene Roddenberry ya ƙirƙiro shi, gidan talabijin na NBC ya fara nuna shi a watan Satumba na 1966. Labarin wani ƙaton kumbo ne mai suna Enterprise, wanda aka tura ya kewaya duniyoyin da ke cikin taurari. Ma'aikatansa sun haɗa da Ba'amurke da Barashe da mutumin Asiya, da wata baƙar mace 'yar Afirka mai suna Uhura wadda ke kula da sadarwa, da kuma Spock mai tsinin kunne, wanda rabinsa mutum ne rabinsa ɗan wata duniya. A zamanin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke zaman doya da manja, baƙaƙen fatar Amurka kuma ke fafutukar neman 'yanci, tara waɗannan mutane a jirgi ɗaya ba ƙaramar magana ba ce.

A cikin labarin, tafiyar shekara 5 aka ɗibar wa kumbon, amma shirin shekara 3 kawai ya yi. Gidan talabijin ya ga masu kallo ba su kai yawan da zai jawo talla ba. A 1968, da aka ji ƙishin-ƙishin za a soke shi, sai masoyansa suka yi ta aika dubban wasiƙu har aka ƙara masa zango ɗaya. Sai dai an rage masa kuɗi, aka kuma mayar da shi ƙarfe 10 na daren Juma'a, lokacin da matasa ba su cika zama gida ba. A watan Yuni na 1969 aka nuna kashi na 79, wanda shi ne na ƙarshe, saura 'yan makonni kumbon Apollo 11 ya sauke mutum a kan wata.

Da a ce masoyan sun rungume hannu, da shi ke nan an yi jana'izarsa. Amma da ƙananan tashoshi suka shiga maimaita shi, sai kowa ya riƙa janyo ƙaninsa da abokinsa da maƙwabcinsa gaban akwati. Suka riƙa buga ƙananan mujallu da kuɗin aljihunsu, suna rubuta ci gaban labarin da kansu. A 1972 suka yi babban taro a birnin New York. A 1976 wasiƙunsu suka sa aka raɗa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise. A 1979 aka yi fim ɗin silima, a 1987 kuma aka dawo da sabon shiri a talabijin. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗar cewa ganin Uhura tun tana yarinya na cikin abubuwan da suka ƙarfafa mata guiwa.

Ni ma da na gama kallon abin da ke cikin kwalin nan, sai na ji ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba. Daɗin labari, kamar daɗin tuwo ne, ba ya cika sai da abokin ci. Na yi watanni ina komawa kasuwa ina cigiyar sauran faifan, a gida kuwa na kafa majalisar kallo duk daren Asabar bayan lisha. In an ɗauke wuta mu yi karo-karo mu zuba wa janareto mai. Da yake yawancin mutanen gidan ba sa jin Turanci, ni na zama tafinta, ina dakatar da faifan ina fassarawa.

Ban fara musu daga kashi na farko ba. Na zaɓi wani kashi da ke ba da labarin wasu masu haƙar ma'adinai a wata duniya, waɗanda wata halitta mai kama da dutse ke bi tana kashewa. Ma'aikatan kumbon suka zo da niyyar hallaka ta, daga baya ta bayyana ashe uwa ce, kuma dunƙulallun duwatsun da mahaƙan ke farfasawa ƙwayayenta ne. Tun kafin a warware wannan, Inna ta riga kowa ganowa. Ta ce, "Kai, wannan aba 'ya'ya take karewa. Ai ko kaza ka taɓa wa tsaki sai ta yi maka tsalle." Daga ranar ba ta sake kiran shirin wasan aljanu ba. Baffa, wanda ya yi karatun elemantare a zamanin Turawa, ya ce shi bai ga baƙon abu ba, ai Ganɗoki ma ya yi yawo cikin aljanu, bambancin kawai waɗannan da inji suke tafiya. Ƙanena kuwa ya zaro wayarsa mai murfi ya nuna mana yadda ta yi kama da 'yar na'urar da jaruman ke buɗewa su yi magana, alhali an yi shirin fiye da shekara 30 kafin wayar salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001.

Ba kowa ya karɓa ba. Wani aminina ya zauna rabin sa'a, ya ga duwatsun kwali da kayan ado irin na da, ya miƙe ya ce, "Malam, a bar ni da Indiyana." Na ƙyale shi, don na lura in aka matsa wa mutum a kan abin da ake so, ƙara tsanarsa yake yi. Bayan wata biyu, da ya ji yara suna musu a kan ko Spock yana da tausayi ko ba shi da shi, da ƙafarsa ya zo aron faifan.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai daga bakin ƙanwata ta fito, lokacin tana aji 2 na ƙaramar sakandare. Ta ce, "Yaya, mu Hausawa ba mu zuwa sama ne ko a labari?" Sai na tashi na ɗauko mata Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, wato shekarar da aka soke Star Trek, aka kuma sauka a kan wata. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba wanda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya kewaya da shi. Cikin kwana biyu ta cinye shi, ta dawo tana tambayar ina sauran irinsa. Nan na rasa abin da zan miƙa mata. Muna da ɗimbin littattafan soyayya da na jarumtaka da na gyaran hali, amma marubutan da suka bi sawun Umaru Dembo ba su taka kara sun karya ba. Ashe mu ma muna da namu labarin da aka fara, aka bari a rataye.

Wannan shi ne abin da ya shafi malamin Hausa kai tsaye. Yaron da bai taɓa jin an yi zancen kumbo da taurari da na'ura cikin harshensa ba, zai tashi da zaton cewa Hausa ta tatsuniyar gizo da ƙoƙi ce kurum, tunanin gobe kuwa sai da Turanci. In wannan zato ya zauna masa, to ya raina harshensa, ya kuma ɗauki kimiyya kayan aro. Manhaja ba ta iya kawar da wannan ita kaɗai, domin aikinta shi ne ta lissafa sunayen littattafai. Malami ne ke sa ɗalibi ya ƙaunace su, kuma ba zai iya ba sai shi kansa yana ƙaunarsu.

Dabarun da na yi amfani da su a tsakar gidanmu su na ɗauka na shiga aji da su. Na farko, a fara da ɓangaren da zai taɓa zuciyar mai sauraro, ko da ba shi ne farkon littafi ba. Na biyu, a jingina baƙon abu da wanda aka sani, kamar yadda Baffa ya jingina kumbo da tafiyar Ganɗoki. Na uku, malami ya iya kame bakinsa, ya bar ɗalibi ya gano abu da kansa, don da na riga Inna faɗar sirrin halittar nan, da na raba ta da daɗin ganowa. Na huɗu, a bar ƙofa a buɗe ga wanda bai karɓa ba tukuna. Na biyar kuwa, a sa ɗalibai su ɗora daga inda marubuci ya tsaya. Nakan ce su rubuta tafiyar Kilba ta biyu, ko su kwatanta Kasuwar Sabon Gari bayan shekara 100. A nan ne sukan yi karo da rashin kalmomi, su shiga ƙirƙira da musu a kan wadda ta fi dacewa, kuma wannan musun kansa darasin harshe ne babba.

Kasuwar ta sauya. Gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, cinikin faifai kuma ya ja baya tun da aka koma tura finafinai a waya. Sai dai hanyar da labari ke bi ya isa ga mutum tana nan yadda take, wato wani ya gani ya ji daɗi, ya kira ɗan'uwansa. Ta haka matasan da ba a haife su ba lokacin da ake nuna wasan Samanja suka san marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, domin iyaye da yayye sun ba su labarinsa, sun kuma nuna musu guntayen wasanninsa a waya.

Saboda haka, duk ɗalibin da ke shirin kama alli ya tambayi kansa: wane littafi nake so har ba na iya yin shiru a kansa? In akwai, ya shiga aji da shi tun makon farko. In babu, to ya nemo kafin ya karɓi takardar shaidarsa. Mai yiwuwa a cikin yara 60 ko 70 da za su zauna gabansa akwai wanda zai ɗauki alƙalami ya ɗora daga inda Umaru Dembo ya tsaya, in har ya samu wanda ya miƙa masa littafin.