Jenowa, birnin da kasuwanci ya gina

A arewa maso yammacin Italiya, a gaɓar Bahar Rum, akwai birnin Jenowa, wanda Faransawa ke kira Gênes. Duwatsu sun tokare shi ta baya, teku kuma ta gaba, babu filin noma na kirki. Rashin gona ne ya tura mutanensa cikin jiragen ruwa, har suka zama manyan fatake.

Tun a shekarar 1252 birnin ya buga kuɗin zinariya nasa. A 1284 jiragen yaƙinsa suka murƙushe na Pisa, fatakensa kuma suka kafa zanguna har Kaffa a Bahar Aswad. Neman tushen zinariya ya kai wani ɗan kasuwarsa, Antonio Malfante, har Tuwat cikin Sahara a 1447, inda ya rubuto wasiƙa a kan cinikin ayari. A nan ne kuma aka haifi Kiristofa Kolombus a 1451.

Sai dai ƙarfin Jenowa ba a jirage kaɗai yake ba, har da bashi da amana. A 1407 aka kafa bankin San Jorjo don tattara basussukan hukuma, masu bin bashin suka riƙa karɓar haƙƙinsu daga kuɗin duwan da haraji. Fadar da bankin ya zauna tana tsaye a bakin tashar har yau, kuma a cikinta hukumar tashar jirage ke aiki. Jamhuriyar ta ɗore har 1797, lokacin da Napoleyon ya rushe ta.

Mai shigowa ta ruwa, abin da zai fara hange shi ne Lanterna, hasumiyar da ke yi wa jirage jagora da haskenta, wadda aka sake ginawa a 1543. A tsohon gari akwai lunguna matsattsu, ga kuma fadojin attajirai 42 da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006. Tsohuwar tashar kuwa an mai da ita wurin shaƙatawa a 1992.

Yau Jenowa na cikin manyan tashoshin Italiya, tana sauke kwantenoni da man fetur don masana'antun Milan da Turin. Amma matsin nan na dutse da teku bai gushe ba, domin hanyoyin fitar da kaya kaɗan ne. Ranar 14 ga Agusta 2018 gadar Morandi ta rufta, mutum 43 suka rasu, zirga-zirgar manyan motoci ta dagule. An buɗe sabuwar gada a Agusta 2020, shekara biyu bayan masifar. Ƴan kasuwa sun san karatun: komai girman tasha, in hanyar tudu ta yanke, kaya sai su kwana a bakin ruwa.