Kwandalar Gidan Caca: Farashi, Ƙima da Daraja

Tun da na fara koyon Hausa nake fama da kalmomi uku: farashi, ƙima da daraja. Abin mamaki, tsofaffin kwandalolin gidajen caca na Amurka ne suka fi warware mini bambancinsu. Kada mai karatu ya ɗauka tallar caca nake yi. Sha'awata ta tsaya ga mutanen da ke tara waɗannan kwandaloli kamar yadda wasu ke tara kan sarki.

Jihar Nevada ta halatta caca a 1931. Daga nan kowane gidan caca a Las Vegas ya riƙa buga kwandalarsa mai ɗauke da sunansa, wadda ke zama a madadin kuɗi a kan tebur. Lambar da aka rubuta a jikinta, a ce dala 5, ita ce farashinta. Amma alkawari ne kawai, kuma ranar da gidan ya rufe, wa'adin canji ya wuce, alkawarin ya mutu. Haka ta faru ga gidan Dunes da aka rushe a 1993, da Sands a 1996, da Stardust a 2007.

To, daga nan ne ƙima take farawa. Mai tarawa yakan duba abubuwa uku. Na farko, guda nawa suka rage a duniya? Tun 1987 dokar Nevada ta wajabta lalata kwandalolin da aka daina amfani da su, saboda haka waɗanda suka tsira sukan yi tsada. Na biyu, lafiyarta: ko bakinta ya cinye, ko an huda ta don soke ta. Na uku, ko ta asali ce, domin akwai jabu. Sai dai ƙima ba ta da tabbas. Idan aka tono akwati guda na wadda ake zaton ta yi ƙaranci, nan take kasuwarta za ta faɗi.

Ita kuwa daraja, a ganina, tana cikin labarin da kwandalar ke riƙe da shi: ginin da ya zama ƙura, da dukiyar bayin Allah da ta salwanta a kansa. Wanda ya tara don riba yana iya wayar gari da asara, domin shi ma wata cacar ya shiga. Wanda ya tara don tarihi kuwa, ko kasuwa ta faɗi, abinsa na nan a hannunsa.