Dabinon Samnu a Cikin Tanda

Ranar da maigida ya ce in raka shi sarin dabino a Wadi Bawanis, hankalina ba ya kan kasuwa. Auta ce damuwata. Shekararta 4, a Sabha aka haife ta, ba ta cin komai sai burodi da shayi. Tuwo kuwa, ko kallo bai ishe ta ba. Duk ta rame, har maƙwabta sun fara tambaya ko lafiya.

Da sassafe muka bar Sabha, muka wuce Tamanhint, muka miƙe hanyar Jufra. Rairayi dama da hagu, can sai ga gonakin Samnu kore shar. Watan Oktoba ne, ana ta sauke dabino. Wata tsohuwa ta miƙa wa Auta guda uku masu laushi. Yarinyar nan ta cinye tas, ta sake miƙa hannu.

Na ce, "Au, ashe nan bakinki yake!"

Da muka dawo gida na ciro tandar da na taho da ita tun daga Maraɗi. Na jiƙa dabino bakwai, na cire ƙwallayen, na dama. Na zuba garin gero gwangwani ɗaya, fulawa rabi, ƙwai biyu, madara da ɗan yis. Da ƙullin ya tashi na soya ƙanana-ƙanana, babu sukari. Ta ci huɗu a zaune.

Yanzu har dakakkiyar gyaɗa nake sakawa. Ba ta san gero take ci ba, "wainar Samnu" take ce mata. Ni kuwa ban gyara mata ba.